Ranar da Aka Raba Kyalla da Ɗanta

Bara'u bai yi boko ba, amma ya san saniya. Tun yana ɗan shekara tara yake riƙe igiyar shanun huɗa a gonar ubansa a Kafur, kuma ko da rabo ya jefo shi Birmingham, shanun ne dai suka ci gaba da ciyar da shi. Shekara goma sha ɗaya ya yi a wata mayanka yana koro su daga mota zuwa turke, kafin Likita Manasseh ya ɗauke shi aiki. Likitan a Salford yake, ya sayi 'yar gona a wani ƙauye tsakanin Birmingham da Manchester, ya zuba shanu takwas masu dogon ƙaho, don dai ranar Asabar ya zo ya jingina da shinge ya tuna gida. Bara'u ke tasowa daga unguwar Erdington ta Birmingham kullum da sassafe yana kula da su. Abin alfaharinsa ɗaya ne, kuma duk wanda ya zauna da shi minti goma sai ya ji shi: tun da uwarsa ta haife shi, saniya ba ta taɓa kai shi ƙasa ba.

A watan Agusta maganar ta daina zama gaskiya.

Akwai wata jar saniya mai farin goshi da yake kira Kyalla. Kwana uku da haihuwarta ya shiga ya ɗauki maraƙin zai maƙala masa lambar kunne. Bai ji tahowarta ba. Sai dai ya ji an ɗaga shi an haɗa da ƙofar ƙarfe. Ta ja baya za ta sake, Allah ya ba shi sa'a ya mirgina ta ƙarƙashin ƙofar. Ya daɗe kwance cikin taɓo yana neman numfashi, ita kuwa tana tsaye tana kallonsa ta tsakanin ƙarafa, ba fushi a idonta, kamar mai jiran ya dawo su ƙarasa.

Haƙarƙari biyu suka tsage. Ya gaya wa matarsa daga tsani ya faɗo, haka ya gaya wa likitan unguwarsu. Likita Manasseh kuwa ko tsanin bai ji ba. Bara'u ya san halinsa, in ya ji, washegari Kyalla na cikin motar mayanka, kuma labarin zai riga Bara'u isa masallacin Juma'a.

Ƙarshen Satumba ya hau mota ya je unguwar Hulme ta Manchester cin tuwo wurin ƙanwarsa Alice. Gidansu a Kafur gida ne mai ƙofa biyu: Bara'u ya bi ubansu masallaci, Alice ta bi uwarsu coci, kuma hakan bai taɓa raba musu kwano ba. Mijinta Gamaliel malami ne a jami'a, dattijo ne kuma a cocinsu, mutum mai kirki wanda ba ya iya cin loma uku bai yi bayani ba.

"Yaya, 'ya'yanmu na nan ba su san komai ba," in ji Gamaliel, yana wanke hannu. "Na tambayi 'yan ajin Lahadi daga ina madara take fitowa, wata ta ce daga firij. To ta yaya za su gane mutanen dā? Bani Isra'ila fa rayuwarsu duka a kan saniya take. Ita ke jan garma, ita ke tattake hatsi a masussuka, ita ce dukiya, ita ce hadaya. Har doka aka yi kada a ɗaure wa sa baki yana sussuka."

"To ai Kafur ke nan," in ji Bara'u. "Ba sai ka je jami'a ba."

Alice ta yi dariya daga kicin. "Ƙyale shi, Yaya. Sati biyu ke nan ina cin wannan wa'azin da shayi."

Gamaliel bai kula ba. Ya ce bikin godiyar kaka na bana a gonar Likita za a yi shi, Likita ya riga ya yarda. Za su nuna wa yara wani tsohon labari da ido, a ɗauka a bidiyo. Labarin lokacin da abokan gāba suka ƙwace akwatin alkawari mai tsarki na Bani Isra'ila, annoba ta sauka musu, suka rasa yadda za su yi su mayar. Sai suka samo shanu biyu masu shayarwa, suka ɗaura musu amalanke, suka ɗora akwatin, suka kulle maruƙan a gida. Shanun suka miƙe hanya ɗoɗar, suna tafe suna kuka, ba su waiwaya ba har suka isa gonar masu akwatin ana tsakar girbi.

Bara'u ya ajiye lomarsa. "Inna ta sha ba mu wannan labarin. Malam, ka san abin da ya sa mutanen suka zaɓi masu shayarwa?"

"Don a ga ikon Allah."

"Don sun san saniya. Sun san ko duka za ka kashe ta, ba za ta bar ɗanta a baya ta yi gaba ba. Shi ya sa da ta tafi, cikinsu ya ɗuri ruwa. Kai kuma kana so ka sa a yi maka shi ranar Asabar da ƙarfe sha ɗaya."

"Ba mu'ujiza nake nema ba, Yaya. Bidiyon minti uku ne. A kulle maruƙan minti goma, a ja shanun da igiya daga rumfa zuwa ƙarshen fili, shi ke nan. Alice ma za ta riƙe igiyar, ai 'yar manoma ce."

"Shanu nawa ke da maruƙa yanzu?" Alice ta tambaya, tana ajiye kwanon miya.

"Biyu. Guntuwa da Kyalla."

"Ka gani," in ji Gamaliel. "Kamar an shirya."

"Ba za a yi ba."

Gamaliel ya gyara tabarau. Ba mai gardamar banza ba ne, tambaya ya yi ta gaskiya. "Akwai wadda ta taɓa tunkuyin wani a cikinsu? In akwai, yanzu a bar maganar. Mutanen dā ma sun raba abin gida biyu. Bijimin da ya kashe mutum karon farko, mai shi ba shi da laifi, bijimin kawai za a kashe. Amma in an san halinsa tun da, mai shi ya sani bai tsare shi ba, to jinin yana wuyansa."

"Wa zai tunkuyi wa?" in ji Alice. "Yaya da saniya ba ta taɓa kai shi ƙasa ba? Ai ko a bikina sai da ya gaya wa fasto."

Su biyun suna kallonsa, ita da murmushi, shi da jira. Bara'u ya ji haƙarƙarinsa na motsi da kowane numfashi. Kalma uku ce kawai: Kyalla ta taɓa. Ya kalli fuskar ƙanwarsa, wadda tun tana goye take ganinsa gaban shanu.

"Babu," ya ce.

"To alhamdu lillahi, kamar yadda kuke cewa."

"Amma ni zan riƙe igiya. Alice ba za ta matso kusa da su ba."

"Kishi ne," in ji Alice. "Ba ya so a gan ni a bidiyo."

Da zai tafi ta rako shi har bakin mota da sauran miya a roba. Ta lura da yadda ya shiga kujera a karkace, ta tambaye shi. Ya ce tsufa ne. Ta ce tsufan lafiya, shekara hamsin da biyu.

Sati uku ya yi yana saba wa shanun da karkiya. Ya sassaƙa ta da kansa daga wani reshe, ya gyara tsohon amalanken da ya tarar a rumfa. Muddin maruƙan na tafe a gefensu, Guntuwa da Kyalla ba su da matsala, har ya fara jin daɗin aikin, don rabonsa da ganin wuyan saniya a ƙarƙashin itace tun yana saurayi. Ranar Laraba ta ƙarshe ya ce bari ya gwada. Ya kulle maruƙan a ɗakin da ke jikin rumfa, ya ja uwayen waje ba amalanke.

Taku goma suka yi. Maraƙin Kyalla ya yi kuka sau ɗaya.

Ba ta juya kamar yadda dabba ke juyawa ba. Gaba ɗaya ta wulwulo, ta ja Guntuwa a wuya har ta durƙusa, ta nufi ɗakin. Ƙahonta ya shiga katakon ƙofar ya fito ta ciki. Bara'u na gefe da igiya a hannu, bai ma san lokacin da ya sake ta ba. Da ya buɗe, ta shiga ta lashi ɗanta, ta ɗago ta kalle shi da wannan idon na watan Agusta.

Ya zauna a kan bokiti ya kira Likita.

"Bara'u, ina tsakanin marasa lafiya biyu, yi sauri. Lafiya?"

"Likita, maganar Asabar ce. Shanun nan..."

"Kada ka ce mini ba su shirya ba. Mutum sittin ke zuwa, an ɗauki bas. Na gaya wa kowa ina da mutumin da ya fi duk Turawan yankin sanin shanu."

Bara'u ya kalli ramin da ke jikin ƙofar. Hannunsa zai iya shiga.

"Sun shirya," ya ce. "Ƙofa ce ta lalace, zan gyara."

A hanyar komawa Erdington, cikin cunkoson babban titin M6, dabara ta zo masa, kuma da ta zo sai da ya yi dariya shi kaɗai. Saniya ba ta barin ɗanta a baya. To wa ya ce sai ɗan ya kasance a baya? A ƙarshen filin akwai ƙofar ƙarfe, bayanta akwai shingen ƙaya mai duhu, bayan shingen akwai wani ɗan tsohon garken tumaki da ba a gani daga fili. In maruƙan na can, shanun za su miƙe ɗoɗar suna kuka, ba dama ba hagu. Yana isa sai ya buɗe musu ƙofa. Gamaliel ya samu bidiyonsa, yara su ga abin mamaki, Kyalla ta samu ɗanta, shi kuma bakinsa alaikum. Ya ga ba wanda aka cuta.

Asabar ta zo da yayyafi da sanyin Oktoba. Tun da hantsi ya kulle uwayen a rumfa, ya ɗauki maruƙan a bayan mota ya zagaya da su ta titin waje zuwa garken tumakin. Kafin ya dawo, Kyalla ta fara. Ba kuka mai ƙarfi ba ne, wani gurnani ne daga can cikin ciki, tana yi tana tsayawa tana saurare.

Bas ɗin Hulme ya iso ƙarfe goma da rabi. Mata da atamfa a ƙarƙashin manyan riguna na sanyi, maza da takalman roba sababbi, yara na ta Turancinsu na Manchester suna toshe hanci. An kawo doya, kabewa, buhun shinkafa, da dammunan alkama da aka saya don ado. Gamaliel ya fito da akwatin kwali da aka shafa wa ruwan zinariya, ya ɗora a amalanke da hannu biyu.

"An kulle maruƙan, Yaya?"

"An kulle su."

"Ina jin uwar tana kira. Haka dai aka ce sun yi."

Bara'u ya tara su ya yi musu magana ba wasa. Kowa zai tsaya ta hagu, bayan shingen katako, babba da yaro. Ba mai shiga fili. Ba mai zuwa ƙarshen fili. Ya maimaita da Turancinsa na mayanka don yaran su ji. Alice ta sara masa kamar soja.

"An ji, ranka ya daɗe, Sarkin Shanu."

Ya shiga rumfa ya ja ƙofa. Ɗaura karkiyar da ke ɗaukarsa minti biyar sai da ta ci kusan ashirin. Jikin Kyalla na rawa kamar injin da aka tayar aka bari, nono na ɗiga daga hantsarta a kan ciyawa. Ba ta kula shi ba sam. Kunnuwanta biyu na fuskantar bango ɗaya, bangon da ke kallon ƙarshen fili. Ta riga ta san inda ɗanta yake. Daga waje ya ji an fara kiɗa, mata sun ɗauki waƙa. Ya lura sautin ya yi nisa fiye da yadda ya zata, amma hankalinsa na kan ƙullin igiya.

Ya yi bisimilla ya tura ƙofar rumfa.

Bayan shingen katako yara ne da maza da Likita, kamar yadda ya ce. Matan ba sa nan. Suna can ƙarshen fili, su goma sha biyu, a jere a gaban ƙofar ƙarfe, ta ciki, kowace da damin alkama a hannu. Gamaliel na gefensu da kyamara a kan sanda. Daga baya ne Bara'u ya ji dalili: ai a labarin, masu girbi ne suka tarbi amalanken a gonarsu, kuma hasken ya fi kyau ta can. Tun da maruƙan na kulle a rumfa, in ji Gamaliel, in ma shanun za su yi gardama, baya za su koma. Ƙarshen fili ya fi ko'ina aminci.

Alice ce a tsakiya, da jan ɗankwali, ita ke ba da waƙa.

Iska ta juyo daga wajen shingen ƙaya, ta kawo kukan maraƙi, siriri, sau biyu.

Bara'u ya ɗaga hannu ya yi ihu su bar wurin. Ganga ta cinye muryarsa. Wasu matan ma suka ɗaga masa dammunansu. Shanun suka fita da tafiya, taku biyar suka koma sassarfa. Filin gangare ne, amalanken na turo su ta baya. Ya nannaɗe igiyar a hannu ya kafa dugadugansa, taɓo ya tafi da shi kamar ba kowa a jikin igiyar. Bayan shingen katako aka fara tafi. Ya ji wani na cewa ga shi nan, ko waiwaye ba sa yi.

Ya saki igiyar ya kama ƙahon Kyalla da hannu biyu, ya rataya duk nauyinsa don ya karya mata wuya gefe, yadda ubansa ya koya masa. Da bijimin huɗa ne da ya juya. Ta girgiza kai sau ɗaya, ya ji haƙarƙarin nan biyu sun sake tafiya, ya ga sama, ya ga ƙasa, ƙafar amalanke ta wuce dab da kunnensa.

Daga inda yake kwance ya ga sauran. A cikin matan nan goma sha biyu, mutum ɗaya ce ta tashi a gidan shanu. Alice ta ga kan a ƙasa, ta ga wutsiya a sama, ta yar da alkamar. Ba ta gudu ba. Ta ture na damanta, ta finciki wata tsohuwa ta hagu ta jefa ta gefe, tana kora su kamar kaji. Ta kusa gamawa. Saura ita kaɗai a gaban ƙofar ƙarfe, Kyalla ta haɗa ta da ƙofar.

Ƙarar da ƙofar ta yi, Bara'u ya san ta. Ya taɓa jin ta a jikinsa.

Ganga ta tsaya. Ƙofar ta ɓalle daga gindinta, amalanken ya kife, akwatin zinariya ya faɗa taɓo ya buɗe, ba komai a ciki. Likita ya tsallake shinge yana gudu yana kiran motar asibiti a waya. Kyalla kuwa ta ja Guntuwa da karyayyen itacen har bakin shingen ƙaya, ta cusa kai ciki. Kowa na jin yadda take lasar ɗanta, a hankali, da wannan gurnanin mai taushi. Mutum sittin suka tsaya suna kallon maruƙa biyu a inda ba wanda ya ce suna nan.

La'asar ta same su a barandar asibiti. An shiga da Alice ɗakin tiyata tun ƙarfe ɗaya, ƙugu ya karye, kuma akwai jinin da ke zuba a ciki da ba su gano bakinsa ba tukuna. An naɗe wa Bara'u ƙirji an ce ya kwanta, ya ƙi. Likita Manasseh na tsaye jikin taga, yana duba agogo kamar wanda ya san ma'anar daɗewar. Can gefe wata 'yar sanda na zaune da ɗan littafinta, ta ce ba gaggawa, in sun natsu tana da 'yan tambayoyi game da dabbar.

Gamaliel na zaune kusa da Bara'u, tabarau a hannu, wandonsa duk taɓo.

"Ni ne, Yaya," ya ce. "Ka ce kada a je can. Da bakinka ka faɗa, sau biyu. Ni na kai su."

Bara'u ya ga hanyar kuɓuta daga laifi. Ga ƙofa an buɗe masa, mai faɗi. Mutum sittin sun ji gargaɗinsa.

"Abu ɗaya ne ban gane ba," in ji Gamaliel, ba tare da ya ɗago ba. "Me ya kai maruƙan can?"

"Ni na kai su."

"Don me?"

"Don na san ba za ta bar shi a baya ba. Na gwada ranar Laraba, ta fasa ƙofa."

Likita ya juyo daga taga.

Bara'u ya kamo hannun Gamaliel, hannun mai riƙe alli, ya cusa shi ƙarƙashin rigarsa ta gefen dama, sama da bandejin, inda ƙashi ya warke da ƙulli kamar gaɓar rake. Ya danna yatsun a wurin, duk da zafin da ya ji har cikin haƙora.

"Wannan ba na yau ba ne. Na Agusta ne. Kyalla ce, a jikin ƙofar ƙarfe. Ranar da ka tambaye ni a kan tuwo, yana nan."

Gamaliel bai janye hannun da sauri ba. Ya bar shi a wurin, yana taɓa ƙullin kamar mai karatu da yatsa. Shi ne ya kawo dokar nan a Hulme, ya raba ta gida biyu da bakinsa, kuma Bara'u ya zauna yana jira ya faɗi rabin na biyu. Bai faɗa ba. Ya zare hannunsa, ya mayar da tabarau, ya tashi ya koma kujerar da ke can ƙarshen baranda, kusa da ƙofar tiyata.

'Yar sandar ta matso, ta buɗe littafinta. Ta tambaya da Turanci a hankali, ko kafin yau akwai wanda ya san saniyar na da haɗari.

Likita ya buɗe baki zai fassara masa. Bara'u ya ɗaga hannu.

"Na ji ta," ya ce. "Gaya mata ta rubuta sunana daidai."

Ta fara rubutu. Fitilar da ke saman ƙofar tiyata na nan a kunne, kuma har ta cika shafi ta juya, ba wanda ya fito.